Mil Nawa Ne Zuwa Gida?

Baba Sallau bai taɓa yarda da kilomita ba.
Shekara arba'in yana Garwa,
yana facin taya a bakin hanyar Pitowa,
amma ka tambaye shi nisan Mubi,
da mil zai ba ka amsa,
kamar mai ɓoye tsohon kuɗi a ƙasan adaka
ya ƙi kai shi canji.

Ni kuwa a makarantar Faransanci na tashi.
Can in malam ya ce mil, dubu yake nufi,
in ya rage wa rubutun wutsiya, gero ne.
Na dawo gida ina tsokana:
Baba, kalmar nan taka ba ta da uba.
A kasuwa jaka ce,
a rumbu hatsi,
a bakinka kuma doguwar hanya.

Bai ɗago ba.
Ya danna roba cikin ruwan daro
yana neman inda kumfa ke tsira.
Ya ce, to je ka binciko mini gidansu,
mai tambaya ba ya ɓata.

Malam Hamajoda mai koya mana Turanci
ya share alli daga yatsunsa, ya ce:
Su ma mutanen Ingila aro suka yi.
Sojojin Rum ne, can da,
suna tafe a jere, takalma na cin ƙasa.
Duk sa'ad da ƙafar hagu ta sake sauka, ɗaya.
In lissafi ya kai dubu, mil ya cika.
Don haka dubun Faransa da mil ɗin kakanka
nono ɗaya suka sha.
Geron ne dai baƙo,
kama da wane ba wane ba ce.

Na kai wa Baba labari bayan la'asar.
Ya ajiye guduma.
Ya daɗe yana duban dugadugansa,
faso ya tsattsaga su kamar bakin Binuwai da rani.
Ya ce, ashe da ƙafa aka haife ta.
Shi ya sa take zama a bakina.
Kilomitarku a takarda ta girma,
ba ta san ƙaya ba, ba ta san tuntuɓe ba.

Ranar ya ba ni abin da bai taɓa ba ni ba:
yadda ya taho yana ɗan shekara tara,
riƙe da bakin zanen Inna Lanti,
tukunya a kanta, gishiri a ƙullin gefe.
Ba mil a lokacin, in ji shi, sai zango.
Zango kuwa ba a auna shi,
inda uwa ta ce a sauke, nan ne.
Mil daga baya na koya, wajen direbobi,
don in san yawan abin da na bari a baya.

Na ce, nawa ne?
Ya ce, da safe kaɗan ne.
Da dare yakan ƙaru.

Bara, da aka gama ɗibar auduga, ya kwanta.
Kwana shida.
Muka ɗauko shi daga zaure da hantsi,
kafaɗata ta dama ƙarƙashin makara,
ban san lokacin da na fara ƙirga ba.
Hagu, ɗaya. Hagu, biyu.
Muka wuce rumfarsa, tsofaffin tayoyi a jibge,
daron nan a kife.
Muka wuce mai ƙosai, ta rufe kaskonta.
Wani ya karɓe ni, na ci gaba a zuci.

Ɗari takwas da sittin da huɗu
muka sauke shi.
Mutumin da ya auna duniya da mil,
tafiyarsa ta ƙarshe ba ta cika ɗaya ba.

Sauran ɗari da talatin da shida
ni na cike masa su,
a hanyar dawowa,
ni kaɗai.