Agogon Kwamfutar Bagudu

A Jega, a ɗakin da Yaya Bagudu ya bari,
na kunna tsohuwar kwamfutarsa.
Fankarta na gurnani kamar injin markaɗe.

Ɗan agogo na ɗora mata a kusurwar allo,
mai fuska da hannaye,
don Inna ba ta karanta lambobi.
Ya tambaye ni garinmu.
Na bi jerin: Legas, Alƙahira, Landan.
Babu Jega. Babu ko Birnin Kebbi.
Na zaɓi Legas, ba da son raina ba.

Launi kore. Faɗi daidai bakin kofi.
Ƙararrawa kuwa na kashe ta,
ladanin unguwa ya ishe mu.

Na saita shi da rediyo, takwas cif.
Sai aka ɗauke wuta.

Da ta dawo, ga shi ya koma
sha biyun dare, ɗaya ga Janairu,
dubu biyu da huɗu.
Ɗantani mai gyara ya ce batir ne,
ɗan mitsitsi kamar kwabo.

Inna ta ce, "Bar shi haka.
A shekarar nan Bagudu na da rai,
yana zaune inda kake zaune."

Batirin na aljihuna har yau.