Kaka Biyu a Sheffield

Ranar Juma'a na miƙa musu kati da rigar aiki.
Shekara ashirin da bakwai ina murza sitiyarin bas,
Hillsborough zuwa Woodhouse, Woodhouse zuwa Hillsborough,
har na san kowane ramin titi da sunan ubansa.
Suka ba ni agogo a cikin kwali.
Agogo fa! Ga wanda ya gama tsere da lokaci.

Litinin, huɗu da rabi, idona ya buɗe da kansa.
Na yi asuba, na zauna, na tashi, na sake zama.
Balaraba ta ce, "Malam, fita ka sha iska,
ka tsaya min a falo kamar sabon kabad."

Sai ga ni a Endcliffe, bakin rafin Porter,
hannu a aljihu, hula har kunne.
Ashe haka garin yake in ba ta gilashi ka dube shi ba?
Itatuwa sun sha rini ba tare da sun je karofi ba,
wannan ja kamar manja, wancan ruwan goro,
na can nesa sai ka ce an barbaɗa masa kurkum.
Ganye na saukowa ɗaya-ɗaya, ba gardama,
kamar fasinjan da ya san tasharsa.
Da can ni da ganyen nan ba ma ga maciji,
shi ke sa min taya santsi a gangaren Crookes.
Yau na taka shi, ya ce ƙaras,
na waiga, ba kowa,
na sake takawa.

A gida kaka ta tarawa ce,
dami kan dami, rumbu har wuya.
A nan kaka ta saki ce,
itace ya zubar da abin da ya gama masa aiki
ya tsaya haka nan, bai ji kunya ba.
Ni wanne zan yi?

Na sami benci mai laima, na goge da hannun riga.
A aljihu akwai tsohon jadawalin bas,
na juya bayansa, biro na ta gardama da sanyi.

Na rubuta: iyo.
Shekara sittin da uku, ruwa bai taɓa wuce min gwiwa ba.
Yara su yi dariyarsu, ni ma zan taya su.

Na rubuta: tafarnuwa.
Maƙwabcina Clive ya ba ni rabin kunyarsa a lambu,
ya ce a binne ta kafin ƙasa ta daskare,
wai sai ta sha sanyi take yin kai.
Na ce to, ashe danginmu ɗaya.

Na rubuta: Sallau.
Nan biro ya tsaya, ba don sanyi ba.
Shekara tara ban ji muryar ƙanena ba
saboda fili a Funtuwa da ko akuya ba za ta ƙoshi a kansa ba.
Na soke sunan.
Wani kurege ya zo gindin bencin yana tono,
ya binne abinsa, ya dube ni ido cikin ido.
Na sake rubutawa, da manyan baƙaƙe.

Na ƙarshe ba sai an rubuta ba.
Watan gobe Ramlatu za ta sauka, in Allah ya yarda,
kaka ta same ni a waje, kaka ta same ni a gida.
Zan turo keken jinjirin ta wannan hanya,
fasinja ɗaya, ba tikiti, ba ƙararrawa,
mu tsaya duk inda agwagwa ta tsaya.

Da na fito titi, yayyafi ya fara.
Wata bas ta rage gudu, yaron da na koya wa hanya ne,
ya buɗe ƙofa, ya ɗaga min hannu.
Na ɗaga masa, na girgiza kai.
Ganye ɗaya ya maƙale a takalmina na hagu,
na bar shi ya raka ni gida.