Lambun Jibo a Bakin Gash

Da hantsi muka bar kasuwar Kassala,
keken jaki yana ta kukan ƙarfe,
duwatsun Taka a bayanmu kamar tuluna a kife.
Mudassir ya ja linzami ya ce, "Sauka.
Daga nan ƙafa ce ke gaisuwa."

Ƙofar langa-langa ce, igiya makullinta.
Ina sa kai rana ta sake ni
kamar mai bin bashi da ya hango surukinsa.
Inuwa bisa inuwa.
Ƙamshin gwaiba ya riga masu gida
yi mini barka da zuwa.

Habboba Sittana na kan gadon igiya,
haƙori uku, dariya cikakkiya.
Ta amsa sallama da Larabci,
ta tambayi gida da wata irin Hausa
da rabona da ji tun kakata na raye:
"Ƙaƙa mutan Haɗeja? Kogin yana nan yana kawowa?"
Ba ta taɓa ganinsa ba.
A baki aka bar mata shi gado.

Ta dafa gahawa da citta a tulun yumɓu,
ta ce, "Ba a shan kofi ɗaya a tashi.
Zauna ka ji.

"Jibo kakana a ƙasa ya taso zai Makka.
Shekara bakwai yana tafe,
nan guzuri ya ƙare, takalmi ya ƙare.
Ya ce bari ya yi ƙodago damina guda.
Aka biya shi da fako da gurgun sa.
Ya haƙa rijiya gaba goma sha biyu,
ya binne ƙwallon mangwaro, ya ce,
in ta haihu ya sayar ya biya jirgin Suwakin.
Ta haihu.
Shi ma ya haihu.
Baɗi, in ji shi. Baɗi ta zo, ya ce baɗi.
Ga shi can kwance bayan ayaba."

Muka je wurin bishiyar.
Mutum uku ba su kewaye ta da hannu.
Alhajiya suke ce mata:
mutum goma sha ɗaya ta kai Arfa da kuɗin 'ya'yanta,
ita ko taku ɗaya ba ta taɓa matsawa ba.

Kusa da ita tsohuwar sagiya ta kishingiɗa,
haƙoran itacenta gara ta cinye rabi.
Har yau ciyawa ba ta fita
a da'irar da san nan ya taka.
Yanzu inji ke tari a bakin rijiya,
ran da ba mai, sai a koma guga.

Ihsan, jikar jika, ta buɗe mini littafin lissafi.
Ga shekarar da Gash ya yi fushi
ya tafi da lemo arba'in a dare ɗaya.
Ga shekarar fara.
Ga wani shafi an rubuta kuɗin wani attajiri
mai son ya sare ya zuba bulo,
an ja masa layi biyu, har takardar ta huje.

Mudassir bai dubi littafin ba.
Idonsa na kan titin Fot Sudan.
Ya raɗa mini, "Baɗi zan tafi Jidda."
Tsohuwa ta ji. Ba ta ce komai ba,
sai ta miƙa masa wuƙar aure,
ta nuna masa ƙaramin lemon da ke jira.

Na sha mangwaro har gwiwar hannu.
Da la'asar na wanke ƙwallon zan sa aljihu,
in mayar da shi inda Jibo ya fito.
Sittana ta riƙe mini hannun riga:
"Kai shi.
Amma kada ka binne shi
in kana da sauran inda za ka."