Akwati Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ranar Talata, ɗakin awo, fanka ta ƙi juyawa.
Dakta Rakiya ta turo min akwati,
ta ce, "Sa safar hannu, Sabi'u.
Ƙashi ba ya ƙarya, amma ba ya son gaggawa."

Na yi bisimilla a zuci, na buɗe.

Na jera su a kan farin ƙyalle,
ƙoƙon kai a sama, muƙamuƙi a ƙarƙashinsa,
haƙarƙari ashirin da biyu, biyu sun ɓace a hanya.
Ƙugu na fara tambaya, faɗinsa ya ce mace ce.
Ɗinkin ƙoƙon kai ya kusa shafewa,
turamen haƙora sun goge kamar tsohon dutsen niƙa.
Ta haura hamsin ke nan.
Na auna ƙashin cinya sau uku,
lissafi ya ce da ƙyar ta kai kafaɗata.

Sai ƙwaurin hagu.
Yatsana ya tsaya a kan wani ƙulli,
ɗan tudu, sumul, da 'yar karkata.
Tsohuwar karaya. An ɗora, ta kama.

Nan na bar ɗakin ban ɗaga ƙafa ba.
Ga ni a zauren kakana a Gwammaja,
Malam Ilu maɗori,
karare a gefe, tsumma, man shanu a kasko,
ƙato na kiran uwarsa, shi yana tofi yana ja.
Bai taɓa ganin ƙashi tsirara ba
in ba na ragon layya ba,
amma yatsunsa na karanta shi ta bayan fata.
Ni ga shi a tafina, fari fat,
ina laluben shafi na ɗari da tara.

Ban ce shi ya ɗora ta ba.
Kano da faɗi, maɗora da yawa.

Takarda ta ba ni gurbi huɗu:
jinsi, shekaru, tsawo, rauni.
Babu gurbin wanda ya goyo ta zuwa zaure,
ko kwana nawa ta yi tana jan gindi
kafin ta sake taka Kasuwar Rimi.

Na cike, na mai da ta akwati,
ƙwaurin a ƙarshe, a hankali.

Da yamma a adaidaita, wajen Kabuga,
wata dattijuwa ta tsallaka titi da ledar alayyafo,
tana ɗan jingina nauyinta a dama.
Na bi ta da ido har ta shige lungu.