Gawon Ramin Burji

A ofishinmu na Katsina, hawa na biyu,
inda fanka ke juyi sai in an kawo wuta,
aikina ƙirga kore.
Tauraron ɗan'adam ya wuce ta kanmu da hantsi,
bai yi sallama ba, bai sha ruwan kowa ba,
ya aiko min ƙasar Daura an yanka ɗigo-ɗigo,
kowane ɗigo ya haɗiye bukka da turken akuya.

Ga ramin burji nan a hanyar Zango,
inda katafila ta kwashe gonar Baba Sallau
shekarar da aka zuba kwalta.
Tifa ɗari, tifa dubu, wa ya ƙirga?
Hoton farko ja wur, kamar an feɗe sa.
Na jera hotuna tara, shekara bisa shekara,
jan yana ja da baya,
kore na rarrafowa daga gefe
kamar yaron da ya yi laifi yana leƙen gida.

Na rubuta: ƙasa ta farfaɗo, kashi sittin cikin ɗari.
Na sa hannu. Na ji daɗin kaina.

Ran Laraba na hau motar Daura,
ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.
Na iske tsohon a bakin ramin yana gyaran ƙotar fartanya.
Na shimfiɗa masa taswira,
na danne da dutse uku da takalmina.
Ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa.
"Shafa'atu, wanga koren naki, zo ki gaisa da shi."

Muka gangara.
Tumfafiya ce. Tumfafiya da tafasa,
ganye fatan-fatan, farin nono mai cin ido,
jaki ya sansana ya kau da kai.
"Ita ke fara zuwa gaisuwar mutuwa," in ji shi,
"in ƙasa ta mace, ita ke shimfiɗa tabarma.
Na'urarki ba ta yi ƙarya ba, kore ne.
Amma ba kowane kore ake yi wa barka ba."

Biro ya yi min nauyi a hannu.

Sai ya ja ni gabas,
inda taswirata ta ce fayau, ba kowa,
launin toka kawai.
Ga su a tsaye: 'ya'yan gawo goma sha ɗaya,
wasu sun kere ni, ɗaya iya kafaɗa,
tsirara a tsakiyar Agusta,
farar ƙaya, ba ganye ko na rantsuwa,
kowanne da shingensa na magarya.
Shekara takwas yana ɗebo kashin shanu a buhu
daga mashayar Fulani,
iri na ciki, cikin saniya ya riga ya laushe shi.
Talatin suka tsiro.
Raƙumi ya ci rabonsa, fari ya ci nasa.

"Gawo ba ya wanka da jama'a.
Kowa na ado da damina, shi ya tuɓe,
ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa ganyensa.
Sai an kai amfani gida, rani ya zauna daram,
sannan ya ɗauko babbar riga.
Gaya wa na saman naki ya dawo lokacin."

Na koma da ƙarangiya a bakin zane
da lambar wayar jikansa a bayan taswira.
Na soke sittin. Ban san abin da zan sa ba,
na bar gurbin a buɗe wata shida,
shugabana yana ta aiko masinja.

Yau hoton Fabrairu ya sauka.
Daura duk ta koma launin kunun kanwa,
tafasa ta bushe, ramin ya fito da haƙarƙarinsa.
Na matso da gabas, na ƙara matsowa
har hancina ya taɓa gilashi.
Ga shi nan, kore mai kunya,
kamar zanen da aka wanke sau ɗari.
Na ƙirga da bakin biro: takwas, tara, goma.
Na goge gilashin da mayafi. Goma.

Na kira yaron.
"Habu, ajiye abin da kake yi,
ruga ramin ka dubo min ƙaramin nan,
na kusa da gidan tururuwa."

Ina riƙe da waya. Ina jin gudunsa.