Wutsiyar Haruffa

A kotun tarayya ta Missouri, hawa na biyu,
ni ce mai buɗe ambulan.
Shekara sha tara ina farke bakin takarda
da 'yar wuƙa mai ƙotar tagulla,
har na san mutane da rubutunsu
yadda uwa ke gane tarin ɗanta cikin dare.

Delbert Haskew, da wutsiyar haruffansa na san shi,
dogaye, masu lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi.

Ƙararsa ta farko a kan miyar wake ce,
wai da sanyi ake kawo ta.
Alƙali ya ce ƙarar banza, ya kore ta.
Ta biyu rediyonsa da aka ƙwace,
ya nemi diyyar dala miliyan guda.
Ta uku fitilar da ba ta mutuwa a kan gadonsa,
shafi arba'in, har da zanen ƙwan lantarki.
Mun yi dariya a ɗakin shayi,
Loretta har da share hawaye.

Doka kuwa ƙirga take yi, ba ta dariya.
Fursunan da aka kori ƙararsa sau uku a kan banza
ya cinye rangwamensa.
Daga nan sai kuɗi lakadan a kan tebur,
sai fa in haɗari na tsaye a bakin ƙofarsa yau ɗin nan,
ba jiya ba.

Ran Talata ta huɗu ta iso.
Sunan nasa ne, lambar tasa ce,
amma haruffan sun zube kamar shingen da iska ta tura,
ba wutsiya ko ɗaya.
Shafi biyu kacal.
Ya ce bara, a watan sanyi,
wani gandiroba ya datse ƙofar ƙarfe a kan hannunsa na dama,
yatsu uku suka haɗe a karkace,
likita bai zo ba sai bayan kwana sha ɗaya.
A ƙasa ya ƙara layi:
a yi haƙuri da rubutun, da hagu nake koyo.

Bara ya wuce. Abin da ya karye ya riga ya karye.
Kuɗin shigar da ƙara dala ɗari huɗu da biyar,
shi kuwa takwas yake samu a wata, a ɗakin wanki.
Na buga lissafin a gefen kalanda:
wata hamsin da ɗaya,
in bai sayi sabulu ba, in bai sayi kan sarki ba.

Loretta ta leƙo ta kafaɗata, ta ce,
kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.
Ban ce mata ƙarya take yi ba.
Ni ma na ɗauki shafi arba'in ɗin nan zuwa hawa na uku,
na san nauyinsu,
na san masu jiran layi a bayansu.

Umarnin alƙali ya sauko kafin la'asar, layi huɗu.
Na buga tambari, na liƙe ambulan.

Da dare, a teburin kicin,
na juya takardar kuɗin wuta,
na ɗauki biro da hagu,
na gwada rubuta sunana.