Layin Ɗigo-ɗigo

Shekara talatin da ɗaya a Apapa,
bene na biyu, taga na kallon kwantena,
aikina gyaran taswirar teku:
inda yashi ya taru in rage lamba,
inda jirgi ya nutse in sa alama,
da alƙalami mai tsini kamar ƙaya.

A aljihun tebur na ƙasa, mai cijewa,
akwai wadda ba matuƙin da ya taɓa tambaya.
Oga Oyelaran ya ce ta ƙarshen duniya ce, can kudu,
inda rana kan yi watanni ba ta kwanta ba.
Ran da na aje aiki ya naɗe min ita a jarida.

Yau ruwan sama ya tsare mu a Agege, an ɗauke wuta.
Na shimfiɗa ta, na danne da kofi da takalmi.
Ramlatu jikata ta ɗora yatsa:
"Kaka, me ya sa gaɓar nan ta yanke,
ɗigo, ɗigo, kamar sawun kaza?"

Na ce nan ne mai zanen ya faɗi gaskiya.
Bai sani ba.
Yana tsaye a jirgin katako, gemu ya daskare,
fari ya haɗe da fari a gabansa,
ko ƙasa ce, ko dutsen ƙanƙara mai yawo,
ko gajimare ne ya gaji ya zauna a ruwa.
Wani na jefa dalma a igiya yana ƙirga gaba,
ta dawo da tsakuwa manne a kitse.
Wani na auna rana da hannu mai rawa.
Sai hazo ya sauko. Aka juya.
Abin da ido ya gani aka ja masa layi,
abin da zuciya ta zata aka ɗiga.

Sai raɗin suna. Nan ɗan Adam ya nuna hali.
Ƙasa ba kowa, ba mai cewa kai, ba haka sunanta ba,
sai tsuntsaye masu tafiya tsaye kamar 'yan rakiya.
Wannan tsinin na attajirin da ya biya kuɗin jirgi,
wanda bai san sanyin da ya wuce na randa ba.
Wannan lungun ruwa na matar kyaftin.
Amma duba nan, da sunayen manya suka ƙare:
Tsibirin Yaudara.
Tsinin Takaici.
Waɗannan na yarda da su, wahala ce ta raɗa.
Wanda igiya ta cinye wa yatsu
na neme shi a takardar nan, ban gan shi ba.

A can arewa kuwa, an tarar da masu gida,
kowane mashigi da sunansa a bakinsu.
Baƙo ya ji, ya gyaɗa kai, ya rubuta nasa.

Ta ce, "Kamar nan ke nan.
'Yan gari na cewa Eko, masu jirgi suka ce Legas,
ku kuma kuka sauko daga Kurfi kuka ce Ikko."
Ban amsa ba. Na tuna bakin Babici,
sau uku na matsar da shi da hannuna,
yau inda na rubuta zurfin ruwa gidaje ne a tsaye.

Ta ciro waya, ga gaɓar nan cikakka daga sama,
ba ɗigo ko ɗaya.
Na ce bara ma haka take?
Ƙanƙara na ɓallewa, ba ta sallama da mai taswira.

Ta ɗauki fensir za ta haɗa ɗigon.
Na riƙe hannunta.
Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa,
yana zana tasa gaɓar a kan siminti.
Ta ce, "Wannan fa, me za mu kira ta?"
Na ce ɗaga takardar tukuna.